Kakheti: Yankin Jojiya da giyar inabinsa ta sake yin suna bayan takunkumin Rasha

Kakheti yanki ne a gabashin ƙasar Jojiya, a gindin tsaunukan Kokasus, kuma a nan ake noma kusan kashi uku cikin huɗu na inabin da ƙasar ke sarrafawa zuwa giya. Faransa da Italiya sun fi shi suna nesa ba kusa ba, amma ya girme su a sana'ar. A 2017 masu bincike suka bayyana cewa sun gano burbushin giyar inabi a jikin fasassun tukwane a kudu da Tbilisi, babban birnin ƙasar, masu shekaru kusan 8,000.

Abin da ya bambanta yankin shi ne qvevri, wata ƙatuwar randar yumɓu da ake shafe cikinta da kakin zuma, a binne ta a ƙasa har wuya. Ana zuba matsattsen inabi a ciki tare da ɓawonsa da ƙwallayensa, a toshe bakin, a bar shi kimanin wata shida. Sanyin ƙasa ke daidaita zafinsa. Farin inabi irin Rkatsiteli yakan fito da launin zuma da ɗan bauri, saboda daɗewarsa tare da ɓawo. Baƙin inabin yankin kuwa shi ne Saperavi, wanda har tsokarsa ja ce; sunan ma na nufin rini. A 2013 UNESCO ta sanya wannan dabara cikin al'adun gado na duniya, ko da yake kaso kaɗan ne na giyar ƙasar ake yi ta wannan hanya. Sauran a manyan tankunan ƙarfe ake yin sa.

Ingancin giyar ya sha zargi. A zamanin Tarayyar Sobiyet yawa aka sa a gaba, kuma bayan rushewarta a 1991 jabun kaya masu ɗauke da sunayen Jojiya suka cika kasuwannin Rasha. A 2006 Rasha, wadda ke sayen mafi yawan giyar da Jojiya ke fitarwa, ta hana shigo da ita bisa hujjar kare lafiyar jama'a. Gwamnatin Jojiya ta ce siyasa ce kawai.

Manoma sun ji jiki, amma takunkumin ya tilasta wa kamfanoni tsaurara gwajin inganci domin shiga kasuwannin Turai, Amurka da Sin. A wannan tsakanin ne ƙananan masu randa suka fara jan hankalin masana a ƙetare, musamman masu neman giyar da ba a cika ta da sinadarai ba.

Rasha ta ɗage takunkumin a 2013, kuma cikin 'yan shekaru ta koma sayen fiye da rabin giyar da Jojiya ke fitarwa. Duk lokacin da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, manoman kwarin Alazani kan shiga kakar girbi da fargabar faɗuwar farashi.