Mota mai jan gaba da mai jan baya

Jama'a, kafin ku sayi mota a nan Kudu, ku leƙa ƙarƙashinta. Corolla da Golf injinsu a gaba yake, a gicciye, tayoyin gaba ke ja. Ba su cika shan mai ba, amma in aka danƙara kaya a but, gaban ya ɗaga, sai taya ta riƙa sulɓewa a hawa. Na gani a taɓon kara da damina, ranar sauke shanun Baba.

Tirela, Hiace da Peugeot 504 ta Kaduna kuwa, farfela ke kai ƙarfi baya, nauyi ƙara musu riƙo yake. Beetle ita injin ma a baya yake. In don kaya ne, ni mai jan baya zan saya, ko Hilux mai jan huɗu in aljihu ya yarda.