Bitamin A da Garkuwar Jiki: Nazari a kan Iyakar Amfanin Ƙarin Sinadarai

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sakamakon manyan gwaje-gwaje huɗu, inda ta nuna cewa ƙarin sinadari yana ƙarfafa garkuwar jiki ne a wurin mai ƙarancinsa. Wanda jikinsa ya wadata kuwa, bai cika ƙaruwa da komai ba, wani lokaci ma cutuwa yake yi.

Gabatarwa

Bitamin A ne ke kula da siririyar fatar da ta lulluɓe cikin hanji da hanyoyin numfashi, wadda ita ce shingen farko da ƙwayoyin cuta ke cin karo da shi. Idan ya yi ƙaranci sai shingen ya raunana, ƙyanda da gudawa su yi wa yaro mugun kamu. Yaron da ke lalube da zarar magariba ta yi, wato mai dundumi, ƙarancin ya riga ya yi nisa a jikinsa.

Hujjoji da Tattaunawa

A shekarar 1986, Alfred Sommer da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a lardin Aceh na Indonesiya, inda mace-macen yaran da aka bai wa bitamin A suka ragu da kashi 34 cikin 100. Gwajin da aka yi a yankin Navrongo na arewacin Ghana, wanda aka wallafa a 1993, ya sami raguwar kashi 19. Masu ja da wannan matsayi sukan kafa hujja da gwajin jihar Uttar Pradesh ta Indiya na 2013, wanda ya ƙunshi yara kusan miliyan ɗaya amma raguwar ba ta wuce kashi 4 ba. Hujja ce mai nauyi, sai dai ko da aka haɗa sakamakonsa da na sauran gwaje-gwaje, raguwar ta tsaya a wajen kashi 12. Ke nan ya rage girman amfanin, bai kore shi ba.

Wasu kuma na ganin tunda beta-karotin, sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, daga tsirrai yake, yawansa ba ya illa. Gwajin Finland na 1994 ya rushe wannan zato: a cikin maza masu shan taba fiye da 29,000, waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A duk bayan wata huɗu zuwa shida a ƙasashen da ƙarancin ya yi yawa, kuma Nijeriya da Nijar na cikinsu. Wannan wajibi ne iyaye su kiyaye. Ga sauran jama'a, hanta da manja da karas da kabewa da zogale sun wadatar, muddin an haɗa da maiƙo, domin sai da shi hanji ke tsotse sinadarin. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi wa iyali amfani a kan kwalbar ƙwayoyi mai tsada da likita bai rubuta ba.