Daga Malam Zuwa Farfesa: Tarihin Laƙuban Masu Ilimi a Ƙasar Hausa

Tun kafin Musulunci ya iso, Bahaushe yana da kalmarsa ta sani, kuma daga gare ta ya ƙera masani. Sai dai yawancin laƙuban da ake girmama mai karatu da su a yau baƙi ne, kowanne da hanyar da ya biyo ya shigo.

Rukuni na farko Larabci ya kawo shi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), suka kafa salla da karatu. A zamanin Sarki Yakubu kuma Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na sanin harshe, suka ƙara a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da suka tarar. Shehu Magili ya biyo baya a zamanin Muhammadu Rumfa. Da waɗannan baƙi ne ilimi da malam da shehu suka samu gindin zama a bakin Hausawa. Shi ma almajiri haka: asalinsa almuhajir, wanda ya bar gida don neman karatu. Amma kalmar gida ba ta mutu ba, ga Wali Ɗan Masani na Katsina nan shaida.

Rukuni na biyu daga Gabas ya fito. Sarakunan Barno sun daɗe suna bai wa malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da aikin gayya na sarki, don haka masu neman Alƙur'ani suka yi ta kwarara can. Da suka dawo sai suka zo da tsangaya, suka zo da gwani, wato goni a Barbarci. A tsangaya ne aka jera matakan dalla-dalla. Yaro kan fara a kolo, ya zama titibiri, ya kai gardi mai wanke allonsa da kansa. Wanda ya haddace izu sittin, ya kuma yi satu, wato ya rubuta Alƙur'ani da ka, shi ake kira alaramma. Gwani kuwa ya san harji, ya san sau nawa kalma ta zo da inda ta zo, kuma ba shi ke naɗa kansa ba, sai manyan mahaddata sun ja shi a darasu sun gamsu. Can ƙololuwa akwai gangaran.

Karatun zaure daban yake da wannan. Nan ɗalibi ke bin littattafai ɗaya bayan ɗaya, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, har ya kai Muhtasar. Wanda ya ƙure su akan ce ya yi zurfi, ko a ce kogi ne. Jihadin 1804 ya ɗaga darajar wannan layi, ya kuma shigo da laƙuban Fulatanci. Fodiyo da ke cikin sunan Shehu Usmanu na nufin masanin fiƙihu, haka nan modibbo, laƙabin Modibbo Adama wanda Adamawa ta samo suna daga gare shi.

Zuwan Turawa ya sauya lissafi. Bayan da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano a 1909, duk wanda ya iya alƙalami ya zama malam: malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, malamin haraji. Daga nan kalmar ta ci gaba da faɗi har ta zama kiran ladabi ga kowane namiji baligi. Da malam ya zama na kowa, dole aka nemi abin da za a ɗora a sama. Masu karatu a ƙasashen Larabawa suka dawo da ustazu da shaihi, jami'o'i kuma, tun daga ta Ahmadu Bello a 1962, suka kawo dakta da farfesa, wanda Hausawa suka raɗa wa shehin malami.

Babban abin da ya canja shi ne mai bayar da laƙabin. A da malamai da jama'ar gari ke shaidar mutum bayan sun daɗe suna gwada shi, yanzu takardar makaranta ke yin wannan aiki. Duk da haka tsohon ma'aunin bai kau ba, domin har gobe ba a zama gwani da takarda, sai an zauna gaban mahaddata an karanta.