Adashin Kogin Haɗejiya da Ƙasa

Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya. A ƙasar Kano yana bi ta kan dutse ne, amma da ya wuce Wudil sai ya faɗa ƙasar rairayi, ya rarrabu tsakanin jigayi. Can kusa da Gashuwa yake gamuwa da Kogin Jama'are wanda ya taso daga duwatsun Jos, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

Tun zamanin kakanni akwai wani adashi tsakanin kogin nan da ƙasar da yake ratsawa. Da damina, wajen watan Agusta da Satumba, kogi yakan cika ya malale fadamu. Ruwan yakan kwanta wata da watanni, yana tsatsewa cikin rairayi, har ƙasa ta ƙoshi. Wannan shi ne zubin kogi. In rani ya yi, kogi ya janye, sai ƙasa ta riƙa mayar da ajiyar nan kaɗan kaɗan cikin gurabe da tafkuna. Ko inda gadon kogi ya bushe ƙayau, in mutum ya tona yashi kamu biyu ko uku sai ya tarad da ruwa mai sanyi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Da wannan ajiya kome yake rayuwa. Tarwaɗa da karfasa sukan hayayyafa cikin ambaliya, sa'an nan su yi rani a gurabe. Gaiwa takan shige cikin laka ta kwanta sai wata damina. Goruba da kanya suna sha da saiwoyinsu. Fulani suna kawo shanu su ci burgu, manoma suna shuka shinkafa, masu lambu suna ban ruwa da jigo. Har tsuntsaye daga Turai sukan zo su sauka a Dagona lokacin sanyin ƙasarsu.

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasa. A 1992 kuma aka gama ta Challawa. Madatsun nan sun yi amfani ƙwarai, gama sun shayar da birnin Kano, sun kuma raya noman rani a Kadawa da Kura. Amma sun sāke lokacin zubi. Babbar ambaliyar damina ta ragu, fadamar da ruwa ke rufewa ta tsuke, rijiyoyi suka yi zurfi a wurare da dama, itatuwa suka fara mutuwa a tsaye.

Har wa yau, da aka riƙa sako ruwa da rani, sai wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Nan kacalla ta sami gindin zama, ta toshe su. Ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru yana cin gonaki, mutanen gabas kuwa suna jiransa bai iso ba. Masunta suka rasa wurin jefa taru, tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya suna ɓarnar hatsi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da ya malale fadama ya nutse bai ɓace ba, ajiya ce. Wanda ya tare kogi a sama, ya taɓa rijiyar mutumin da bai taɓa gani ba. Saboda haka ya wajaba masu riƙe da madatsa su riƙa sako ruwa a kan kari, yadda damina ta saba yi, domin ƙasa ta sami abin da za ta biya da rani.