Shari'ar Waƙar Rap a Florida, 1990–1992: Wa Ke da Ikon Fassara Magana?

1. Tushen doka

Tun gyaran da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 aka hana gwamnati tauye ƴancin faɗar albarkacin baki. Sai dai kotuna sun cire batsa daga wannan kariya. A 1973, cikin shari'ar Miller, Kotun Ƙoli ta kafa sharuɗɗa 3 waɗanda sai sun haɗu kafin a kira abu batsa: ya zama mai tada sha'awa bisa ma'aunin mutanen yankin, ya siffanta jima'i ta hanya mai ƙyama, kuma ya rasa daraja ta adabi, ko fasaha, ko siyasa, ko kimiyya. Sharaɗi na uku shi ya jawo masana adabi cikin kotu.

A 1985 wata ƙungiyar iyaye mai suna PMRC, wadda Tipper Gore ke cikin shugabanninta, ta matsa wa kamfanonin faifai lamba har suka yarda su riƙa manna gargaɗi a jikin faifai masu kalmomin batsa. Wannan bai kai ga hani ba, amma ya share fage.

2. Shari'ar

A 1989 mawaƙan 2 Live Crew na birnin Miami, ƙarƙashin Luther Campbell, suka fid da faifan As Nasty As They Wanna Be. Shugaban ƴan sandan gundumar Broward, Nick Navarro, ya gargaɗi masu kantuna kan sayar da shi. Ran 6 ga Yuni 1990 alƙalin tarayya Jose Gonzalez ya yanke cewa faifan batsa ne. Cikin ƴan kwanaki aka kama wani mai kanti, aka kuma kama wasu daga cikin mawaƙan bayan wasan da suka yi a wani gidan rawa na manya.

An yi shari'ar mawaƙan a Oktoba 1990. Hujjar masu ƙara kasat ce da ƴan sanda suka ɗauka a ɓoye, muryar kuwa ba ta fita sosai, sai da jami'ai suka riƙa faɗa wa kotu abin da suka ji. Malamin adabi Henry Louis Gates ya ba da shaida cewa kalmomin sun fito ne daga tsohuwar al'adar baƙar fatar Amurka ta gasar baki, watau zuga kai da zagin wasa da kambamawa. Bahaushen da ya san zambo da kirari da wasan taubasai ba zai rasa gane wannan hujja ba. Masu taya alƙali hukunci, mutum 6, suka sallami mawaƙan. Mai kantin kuwa, a tasa shari'ar, an same shi da laifi. Kalmomin iri ɗaya ne, masu sauraro ne suka bambanta.

A Mayu 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Gonzalez. Dalilinta shi ne Navarro bai kawo kome ba sai faifan, alhali mawaƙan sun kawo masana, kuma alƙali ba ya iya dogara da kunnensa kaɗai ya ce waƙa ba ta da daraja.

3. Suka

Ba kowa ya gamsu da shaidar Gates ba. A 1991 malamar shari'a Kimberlé Crenshaw ta nuna cewa an ware mawaƙa baƙar fata an hukunta, an bar farare masu irin wannan magana. Amma ta ce kiran abin wasa bai kankare cin mutuncin mata baƙar fata da ke cikin waƙoƙin ba.

4. Kammalawa

Shari'ar ta nuna cewa tace waƙa aikin fassara ne tun kafin ya zama aikin doka. In aka raba waƙa da kiɗa da murya da taro, aka zuba ta kan takarda, sai zuga ta koma kamar iƙirari, wasa ya koma barazana. Matsalar ba ta ƙare ba, domin masu ƙara sun ci gaba da kawo baitocin rap a matsayin shaidar laifi, har jahar Kalifoniya ta kafa doka a 2022 don taƙaita haka. Masu rubuta adabin baka na da rabo cikin wannan darasi. Wanda ya rubuta zambo bai faɗi mawaƙi da wuri da masu sauraro ba, ya ba mai karatu rabin magana, kuma wani na iya yanke hukunci da rabin nan.