Daga Garaya zuwa Fender: Yadda Kunnen Ƙasar Sakkwato Ke Auna Tsarkiya

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'azbine ɗan yankin Abalak, Mahamadou Souleymane, ya tsallako iyakar Nijar ya sauka Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa. Aka haɗa masa kiɗan na'ura, aka tace muryarsa da kwamfuta kamar yadda ake yi wa mawaƙan finafinan Hausa, ya koma gida da abin da ya sanya wa suna Anar. Ba kamfanin da ya buga faifan a lokacin. Daga wayar salula zuwa wayar salula waƙoƙin suka riƙa tafiya, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya bi sawun mai muryar har Nijar. Saurayin nan shi ne duniya ta sani yau da Mdou Moctar, bahagon makaɗin da ake gani a manyan dandalin Turai da Amurka rungume da farar jitar lantarki ƙirar Fender.

Wanda ya bar birnin Shehu ya miƙi hanyar Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari, zai isa Dogon Daji kafin Tambuwal. A wannan ƙasa, har zuwa dazukan Kebbe, da wuya mutum ya yi kiciɓis da jitar lantarki a gidan biki. Amma kiɗan tsarkiya ba baƙo ba ne a nan, kuma tun kafin a haifi wanda ya ƙera Fender ta farko mutanen yankin suna da ma'aunin da suke bambance abin kiɗa na ƙwarai da na banza.

A dubi garayar maharba. Itace ake fafewa, a rufe shi da fatar gada ko ta akuya, a soka sanda ta ratsa ƙarƙashin fatar, a ja tsarkiya biyu su hau kan ɗan guntun itacen da ake kira jaki. A ƙarshen sandar akan maƙala ceɓa, ɗan ƙarfe mai zobba, wanda ke ba kiɗan wannan ƙaras-ƙaras da ke tayar da tsikar jikin maharbi. Gurmi kuwa ƙoƙo ne da fatar damo ko guza. Goge ƙwarya ce da fatar guza, tsarkiyarsa izgar doki, ana goga mata ƙaro don ta kama. Idan makaɗi ya karɓi sabon abin kiɗa daga hannun wanda ya haɗa shi, ba ya gaggawar biya. Sai ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa ya saurara. Ya matsa jakin gaba kaɗan, ya dawo da shi baya, yana neman wurin da amon ya fi buɗewa. Ya duba ko ƙoƙon ya ƙosa kafin a yanke shi, don ɗanyen ƙoƙo ba ya ganin damina biyu. Idan fata ta yi sanyi da raɓa, ya kara ta kusa da wuta ya ji ko za ta dawo da muryarta. Abin da yake son sani shi ne ko amon zai kai ƙarshen fili, ko kayan zai jure rani da damina, kuma in ya lalace ko za a iya gyara shi a ƙauyen da yake. Kuɗi na biye da amsar waɗannan.

Masu wannan sana'a ba su taɓa zama 'yan gaban goshi ba a ƙasar nan. Tambuwal ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato tana kan wannan hanya, kuma malaman jihadi sun yi rubutu a kan hukuncin kayan kiɗa, Abdullahin Gwandu ma ya fi wansa Shehu tsanantawa. Tambari da kotso da taushi suka sami mazauni a fada, shi ya sa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi duk makaɗan ganga ne. Goge da garaya, saboda kusancinsu da bori, suka tsaya a bakin kasuwa, da dandalin samari, da zangon mafarauta. Wannan tarihi yana da hannu a abin da ya sami jita daga baya, don duk abin da ke da tsarkiya an daɗe ana yi masa kallon kayan shashanci.

Duk da haka makaɗan tsarkiya su ne suka fi kowa saurin karɓar sabon abu. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, gwangwanin kifi da fata da waya ɗaya ya yi kuntiginsa da su, kuma da shi ya zaga duniya. Ibrahim Ag Alhabib ɗan arewacin Mali, jagoran ƙungiyar Tinariwen da ta ci kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro. Mdou Moctar ma da katako da wayar birkin keke ya fara. Hannun da ya koyi fitar da zaƙi daga irin wannan waya ba ya ruɗuwa da sunan da aka rubuta a kan jita, kuma wannan ne ya sa ra'ayin makaɗan Sahel kan kamfanonin jita ya cancanci a saurare shi.

Ita jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da ke ƙara mata murya. A ƙarƙashin tsarkiyoyinta shida akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsarkiya ta girgiza, wannan maɗaukin amo ya mai da girgizar lantarki, waya ta kai shi amfilifaya, lasifika ta faɗa wa jama'a. Kamfanin Rickenbacker ne ya fara sayar da irinta a farkon shekarun 1930. Amma wanda ya mai da ita kayan kowa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kalifoniya, mutumin da bai ma iya kaɗa jita ba. Tunanin mai gyara ya yi. A 1950 ya fitar da jitar da aka sa wa suna Telecaster a shekarar da ta biyo, falan katako guda, wuyanta ɗaure da jiki da kusoshin murɗawa huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. A 1954 ya ƙaro Stratocaster mai maɗaukan amo uku da jiki mai lanƙwasa da ke kwantawa a haƙarƙarin mai kiɗa.

Gibson, tsohon kamfanin da ya daɗe yana sassaƙa kayan kiɗa, ya mayar da martani a 1952 da Les Paul. Ita da itacen mahogani aka yi ta, dangin maɗacin nan namu, an manne wuyanta da jiki da gam, tana da nauyin da yakan kai kilo huɗu ko ya haura. Daga 1957 aka sa mata maɗaukin amo mai naɗi biyu da injiniyan kamfanin Seth Lover ya ƙirƙiro, wanda ke kashe gurnanin da wutar lantarki ke jefawa cikin sauti. Tun daga nan gardamar ba ta mutu ba: masu Fender na yabon tsabta da kaifi, masu Gibson na yabon kauri da daɗewar amo.

Bahaushen da ya saba da kayan gida zai fahimci bambancin cikin sauƙi. Fender kamar gurmi take, kowane bugu yana fita shi kaɗai, siriri, mai tsini, ya yi sauri ya ba na bayansa wuri. Les Paul ta fi kusa da goge, amonta na jan jiki yana cika wuri. Kiɗan Sahel kuwa kiɗan yatsu ne masu gudu, ana bugun tsarkiya ɗaya a bar ta tana ruri a ƙasa, sauran yatsun na yi mata ado a sama, daidai yadda mai garaya ke yi da tsarkiyarsa biyu. Irin wannan kiɗa in aka ba shi amo mai kauri sai ya cakuɗe. Shi ya sa a bukukuwan Agadas, da gidajen rawa na Yamai inda ƙungiyar Tal National ke kwana tana kiɗa, siffar Stratocaster ce ido ya fi gani, ko da ba Fender ce ta ƙera ba. Aibinta ɗaya ne, kuma duk wanda ya halarci bikin da ake kunna janareta ya san shi: maɗaukin amo mai naɗi ɗaya yana kwaso gurnani, lasifika ta riƙa ƙugi ko ba a taɓa tsarkiya ba. A nan Gibson da masu kwaikwayonta sun yi gaba.

Sai batun ƙarko, inda ƙasar Tambuwal da Kebbe ke da nata hukuncin da ba a rubuta a takardar kamfani ba. Iskar hunturu da ke tsaga ƙwarya tana tsotse ruwan katakon jita, wuyan ya ƙanƙance, bakin ƙarafan da aka jera a kansa su fito suna yankar yatsa. Damina ta zo, katakon ya kumbura, tsarkiya ta yi tsatsa. Ƙura ta shige maɓallan ƙara murya, a murɗa su ji ana ƙarar-ƙarar. Jitar da za ta rayu a nan ita ce wadda mai gyaran rediyo na bakin tasha zai iya buɗewa da sukundireba, ya hure ƙurar, ya liƙe wayar da ta tsinke da dalma, ya mayar. Stratocaster an yi ta ne don haka, kayan wutarta duka suna maƙale a faranti ɗaya. Les Paul kuwa an san ta da rauni a inda kai ya haɗu da wuya. In ta faɗo daga bayan babur ta karye a nan, sai gwanin masassaƙin jita, wanda nemansa zai kai mutum Legas ko Abuja.

Kamfanonin da kansu sun gane cewa yawancin masu son kiɗa ba su da kuɗin ta asali. Gibson ta sayi Epiphone a 1957, kuma yau da wannan suna take sayar da Les Paul mai rahusa da ake ƙerawa a Sin. Fender ta fito da Squier a 1982, da farko daga Japan, daga baya daga Koriya da Indonesiya da Sin. Yamaha ta kawo Pacifica a 1990, jitar da malaman kiɗa da yawa ke nuna wa ɗalibi saboda tsabtar aikinta, kuma wasu nau'o'inta sun haɗa maɗaukin amo mai naɗi ɗaya da mai naɗi biyu a jiki guda. Kuɗin Fender ɗaya ƙirar Amurka zai sayi Squier biyar ko fiye, amma ba mai kunnen da zai rantse cewa zaƙinta ya ninka sau biyar. Abin da ƙarin kuɗin ke saye shi ne katakon da ya bushe sosai, da maɗaurin tsarkiya da ba ya saki, da darajar sake sayarwa. Omara Moctar, wato Bombino na Agadas, wanda faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, an sha ganinsa a dandali da jitar Cort, kamfanin Koriya da ba ya cikin masu tsada. Abin gudu shi ne jabu, wadda aka manna wa sunan Fender ko Gibson alhali wuyanta a karkace yake, don ita ko an ɗaure ta daidai ba ta minti goma ba ta kwance ba.

Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne yadda wannan kaya ya ratsa ƙasar Hausa bai zauna ba. A kudu Victor Uwaifo da Sunny Ade da Oliver De Coque sun ɗora kiɗan garuruwansu a kan jita. A Kaduna Bala Miller ya gwada da ƙungiyarsa a shekarun 1970, yana rera Hausa a kan jita da ƙahonni. Amma da finafinan Kano suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya ci kasuwa, don mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai fitar da ganga da sarewa da goge na kwaikwayo, ba sai an ciyar da ƙungiya ba. Jita ba ta samu shiga ba, kukumar su Garba Supa da Hassan Wayam ma ta ja baya. Buzaye da suka ɗauko salon molonsu na gargajiya suka zuba a jitar lantarki, yau ana sauraronsu a Landan da Tokyo. Salon garayar maharban Kebbe da gurmin 'yan kokawa bai gaza nasu ba ko kaɗan, sai dai har yanzu bai sami wanda zai yi masa wannan hidima ba.

Ga saurayin Dogon Daji ko Tambuwal da zuciyarsa ta karkata can, shawarar ba ta da tsawo. Ya nemi Squier ko Yamaha Pacifica ta gaskiya, ko da ta hannu ce, ya daidaita ido da wuyanta ya tabbata a miƙe yake, ya murɗa kowane maɓalli ya saurara, ya haɗa da ƙaramar amfilifaya mai aiki da batir da tsarkiyoyin ajiya. Ragowar kuɗin kuma ya riƙe su na goro da mota, ya nemi tsohon mai garaya ko mai gurmi a ƙauyukan yankin, ya zauna gabansa ya koyi bugun tun mai shi yana da rai.