Ziriums da Sana'ar Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

A watan Yunin 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a zama ɗaya. Aka ce ba sayarwa, ba saurare, ba turawa ta waya. A cikinsu akwai "Oyoyo" ta Adam A. Zango, da "Martani" ta Billy-O, da "Hasbunallahu" ta su Aminu Ala, da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Mu a Gazawa ta Nijar waƙoƙin sun riga labarin hukuncin isowa, kuma hukuncin alƙalin Kano ba ya ƙetare iyaka. A lokacin ne na fara bin sawun wannan mutum, don na lura shi ke rera waƙarsa, shi ke haɗa kiɗanta, shi kuma ke fafutukar yadda za ta kai ga kunnen jama'a. A ƙasarmu da can waɗannan ayyuka uku ba su cika taruwa a hannun mutum ɗaya ba.

Wanda ya taso tsakanin Agye da Gazawa, ko can yamma wajen Gidan Rumji, ya san yadda sana'ar waƙa take tun asali. Makaɗi yana da ubangida. Makaɗan fadar Sarkin Gobir a Tibiri sun san wanda suke yi wa, sun san inda rigarsu da hatsinsu za su fito, kamar yadda Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin noma yana bin gayya, in kaka ta yi a ba shi dami. Makaɗin 'yan kokowa yana bin gwaninsa fage-fage, kuma tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975 wannan kiɗan ya ƙara daraja a jiharmu. Aiki a rabe yake: ga mai waƙa, ga 'yan amshi, ga masu kalangu ko kotso, ga sanƙira mai shelar wanda ya yi kari da abin da ya bayar. Ba a sayar da waƙa, zuwan mawaƙi ake biya. Ko 'yan gambara, masu zuba magana da sauri a kan kiɗa suna zambo da habaici a kasuwa, a nan take suke karɓar nasu, wani ya ba su don sun ba shi dariya, wani don su ƙyale shi. Shi ya sa ran da na fara jin rap bai yi mini baƙunta ba. Mun san zubin, kayan kiɗan ne sababbi.

Sai kaset ya zo ya raba murya da mai ita. Fataken aya da wake da ke shiga Katsina da Kano su kan dawo da kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya da Ɗan Anace, a kwafa a kwafa har murya ta dushe. Sai fim ɗin Hausa na bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya a 1990, Sangaya ta zo a 1999 ta cika ko'ina da waƙar fiyano. A nan aka yi babban sauyi, ko da yake ba mu lura ba a lokacin. Fiyanon Yamaha guda ɗaya ya ɗauke aikin makaɗa biyar, aka sami wata sabuwar sana'a ta mutumin da ke zaune a situdiyo yana buga wa kowa kiɗa, mai waƙar soyayya da mai bege da mai tallar ɗan takara. Daga cikin waɗannan masu zama bayan na'ura Nazir Hausawa ya fito.

Rap kuwa ta hanya biyu ya iso mana. Ta farko daga Yamai, a ƙarshen shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe baki, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita. Ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong suna cakuɗa Faransanci da Zabarmanci da Hausa, suna faɗar abin da 'yan lakwal marasa aiki ke faɗa a bakin butar shayi. A fadarmu ta shan shayi an manna hoton Tupac a bango, alhali babu mai jin Ingilishi a cikinmu. Zuwa watan Agustan 2004, da UNICEF ta buɗe fagen rap a cibiyar al'adu ta Jean Rouch a Yamai, ƙungiyoyi 45 ne suka shiga. Ina girmama waɗannan samari, sun yi magana a lokacin da manya suka yi shiru. Amma gaskiya ita ce da yawansu sun sami sabon ubangida ne, wato ƙungiyoyin agaji. Mai biya shi ke zaɓar magana, yau sida, gobe auren wuri, jibi rigakafi. Duk maganganu ne masu amfani, sai dai ran da kuɗin aikin ya ƙare waƙar ma ta tsaya.

Hanya ta biyu daga Kano, kuma ita ta fi shiga jikinmu, don Hausa ce zalla. Nazir ɗan unguwar Hausawa ne a birnin Kano, kuma kafin a san shi da riƙe makirufo injiniyan sauti ne, ya yi aiki a situdiyon Golden Goose yana haɗa wa wasu kiɗa. Ina so mai karatu ya gane abin da wannan aiki yake, don mutanenmu sun ɗauka danna maɓalli ne kawai. Na taɓa raka wani ƙanena wani ƙaramin situdiyo a Maraɗi. Ɗaki ne ɗan tsukuku, an lulluɓe bangon da katifa da kwalin ƙwai don kada sauti ya yi amsa kuwwa, an ɗaura safar mata a zoben waya a gaban makirufo don ta tare hucin baki. Mai haɗa kiɗan ya fara da bugun ganga shi kaɗai, ya ɗora tafi, ya ɗora jita mai kauri, yana komawa baya yana saurare da ido a rufe. Da yaron ya shiga rerawa, sai ya tsayar da shi ya ce, "A'a ƙanena, ka riga kiɗan, ja numfashi ka jira shi." Baiti ɗaya aka yi ta maimaitawa har zufa ta jiƙa rigar yaron, don an kashe fanka kada ƙararta ta shiga. Bayan an gama ɗauka sai aikin tacewa, a rage nan a ƙara can, har murya ta zauna daram a kan kiɗa. Wanda ya iya wannan ba ya jiran kowa kafin ya yi waƙa. Nan ƙarfin Ziriums yake, kuma shi ya cece shi da iska ta juya.

Ta juya ne a 2007. Wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi a watan Agusta, gari ya ɗauki zafi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa tun 2001. Aka ce kowane mawaƙi da marubuci da ɗan fim sai ya yi rajista, kowace waƙa sai an duba ta. A watan Satumba aka ɗaure Adam Zango wata uku a kan faifansa "Bahaushiya". A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Situdiyoyi suka shiga ɗari-ɗari, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suka daina taɓa duk abin da zai jawo musu rufe shago. A cikin wannan yanayi Ziriums ya yi "Girgiza Kai", yana sukar yadda ake takura wa masu fasaha. Ba ta bi ta kasuwa ba, ba ta bi ta rediyo ba. Daga waya zuwa waya ta yi ta tafiya ta Bluetooth, har gidan talabijin na CNN ya nuno shi a 2008.

Ba zan ce dattawan da suka yi ƙorafi ba su da hujja ko kaɗan ba. Mu ma a nan mun ga yadda rai ya ɓaci a Maraɗi a watan Nuwamban 2000 saboda bikin nuna tufafi na FIMA, har aka yi ƙone-ƙone. Uba yana da haƙƙin ya damu in ya ga ɗansa da wando a ƙasan ƙugu yana kwaikwayon zagin da bai san ma'anarsa ba. Amma ɗaure mawaƙi saboda ya faɗa wa hukuma abin da ba ta so zalunci ne, kuma bai yi daidai da al'adar da ake cewa ana karewa ba. Sarakunanmu sun sha zambo a bakin makaɗa. Ziriums da Hausa ya yi maganarsa, a matsayin Bahaushe Musulmi ɗan cikin gari, kuma a ganina wannan ya fi damun masu iko fiye da kiɗan.

Daga baya ya koma Abuja. A can ya shiga waƙar "Government Money", wadda aka gina a kan kiɗan "Arab Money" na Busta Rhymes, aka juya ta kan masu wadaƙa da dukiyar gwamnati. A 2010 ya fitar da kundinsa "This Is Me" a intanet, ana saye a iTunes da Amazon. A lokacin wannan ba ƙaramin hangen nesa ba ne ga mawaƙin Hausa, ya tsallake hukumar tacewa ya tsallake 'yan kasuwa gaba ɗaya. Sai dai a 2010 wa ke da katin banki na sayen waƙa a Gazawa, ko a Kanon ma? Kundin yana kasuwar da masu sauraronsa ba sa iya shiga.

Kasuwar da suke shiga ita ce rumfar mai tura waƙa. Kusa da tasharmu akwai wani mai cajin salula, da ɗan janareta da tebur cike da wayoyi an liƙa wa kowace lamba. Da ya sami tsohuwar kwamfuta sai ya ƙara sana'a. Manomi zai miƙa masa katin waya ya ce, "Malam, cika mini, ka sa wa'azi kaɗan, ka sa na Kano sababbi." Ya ba da dala goma ko ashirin, ya tafi da waƙoƙin da zai yi wata yana ji a gona. Ta wannan tebur rap ɗin Hausa ya shiga ƙauyukan da ko eriyar talabijin babu. Ya raya mai rumfar da iyalinsa, ya kai sunan mawaƙa inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba, amma ko dala ɗaya ba ta koma wa wanda ya kwana a situdiyo ba.

Samari kan kawo mini misalin Amurka, su ce ai Jay-Z da kamfanoni suka ƙi shi, shi da abokansa suka kafa Roc-A-Fella suka fitar da kundinsa na farko a 1996, Dr. Dre kuma da abokin kasuwancinsa sun sayar wa Apple kamfanin Beats a 2014 a kan dala biliyan 3 na Amurka. Haka ne. Amma su sun yi kasuwanci ne a ƙasar da mai sauraro ke biya, kotu kuma ke hukunta mai kwafa. Namu mawaƙin larura ce ta mai da shi makaɗin kansa da dillalin kansa. Ya rabu da ubangida, ya sami bakin faɗar abin da ya ga dama, sai ya tarar babu wanda ya gaji aikin ciyar da shi.

Gwamnatin Shekarau ta sauka a 2011, takurar ta sassauta, wasu suka biyo hanyar. DJ AB na Kaduna shi ma da kansa yake haɗa kiɗansa, har ya yi waƙa da Mr Eazi a 2021. Ga Classiq, ga Morell, ga Deezell, ga YouTube da Audiomack da TikTok da suka fara mayar wa mawaƙi ɗan abin da ya samu. Yaran da ke bin su a Agye da Gazawa da Gidan Rumji da yawa ba su san sunan Ziriums ba, kuma wannan yana ba ni takaici, don ƙofar da suke shiga shi yana cikin waɗanda suka tura ta tun tana da nauyi.

Su yaran namu nasu wahalar daban ce. A waya suke haɗa kiɗa, in za su ɗauki murya mai kyau sai sun hau mota zuwa Maraɗi. Abin da ke kawo musu kuɗi biki ne da waƙar 'yan siyasa, kuma tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka dakatar da jam'iyyu wannan ƙofa ta biyu ta rufe. Wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa ma an yanke ta a watan Agustan 2023, aka yi watanni ana aiki da janareta ko a haƙura. Duk da haka ba su bari ba, kuma akwai masu baiwa a cikinsu, masu Hausar da in suka zuba ta sai ka tuna 'yan gambara.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana iyaye da yayye. In yaro ya nace sai waƙa, a kai shi ya koyi na'ura da tace sauti tukuna, don wannan sana'a ce da ke ciyar da mutum ko waƙarsa ba ta karɓu ba. A sa shi ya yi wa waƙoƙinsa rajista a ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA. Hukumomin gari su buɗe musu gidajen matasa su yi wasa a sayi tikiti. Kai kuma da ka kira su bikin ƙanwarka, ku yi ciniki tun kafin su ɗauko kaya, ka biya su a ranar kamar yadda ka biya mai rumfa da mai kujeru.